Darasin Aikin Hannu: Saƙa Rigar Wuya da Ƙulla Leshin Hannu

Gabatarwa

Da zarar watan Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta fara busowa daga Hamada, kowa ya san abin da ke tafe. Leɓe zai tsage, ƙafa ta yi faso, tari da mura su cika aji. A wurare masu tudu kamar Jos, wadda take bisa kimanin mita 1,200 daga bakin teku, sanyin asuba yakan hana ɗalibi fitowa daga bargo. Rigar sanyi tana rufe ƙirji da hannuwa, hula tana rufe kai, amma wuya yakan zauna a buɗe, kuma ta nan ne iska take samun hanyar shiga jiki.

A wannan darasi za mu koyi ayyuka biyu da ake yi da zare. Na farko shi ne saƙa abin rufe wuya mai siffar zobe, wanda ake zura kai a ciki ya sauka a wuya. Turawa suna kiransa kawul, sunan da ya samo asali daga doguwar riga mai hula da masu zaman zuhudu na Turai suke sawa. Mu a nan za mu kira shi rigar wuya. Na biyu shi ne ƙulla leshin hannu da ɗan ƙaramin abu mai kama da ƙoshiyar masaƙa, aikin da ake kira tatin. Na farko na maganin sanyi ne, na biyu na ado ne. Amma akwai abu ɗaya da ya haɗa su. Kowannensu yana da ɗan gwaji, wanda idan mai koyo ya tsallake shi, aikin kwana da kwanaki sai ya tashi a banza. Wannan gwaji shi ne zuciyar darasin, sai a kula da shi sosai idan mun iso wurinsa.

KASHI NA ƊAYA: RIGAR WUYA

Daga ina saƙar tsinke ta fito?

Mutane da yawa suna tsammani saƙar tsinke aikin Turawa ne tun asali, domin ta hannunsu ta shigo makarantunmu. Amma tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono sun fito ne daga ƙasar Masar. Safa ce ta auduga, mai zanen fari da shuɗi, wadda masana suka ce an saƙa ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A ƙasar Sifen kuma an sami saƙaƙƙen matashin kai a kabarin wani ɗan sarki mai suna Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. Daga nan sana'ar ta bazu cikin Turai, har maza suka kafa ƙungiyoyin masu saƙa a birane. A 1589 wani Bature ɗan Ingila, Wiliyam Lee, ya ƙera injin saƙa safa na farko a kusa da Nottingham. Duk da haka, fiye da shekara 400 bayan injin, saƙar hannu ba ta mutu ba, domin hannu yana iya auna wuyan mutum ɗaya ya saƙa abin da ya yi masa daidai. Ya kamata 'yan maza su lura da wannan tarihi, kada su ce aikin mata ne.

Kayan aiki

1. Zaren ulu mai matsakaicin kauri, kimanin giram 100.
2. Tsinken saƙa mai kaurin milimita 5. Ana iya amfani da miƙaƙƙu guda biyu, ko kuma tsinke mai igiya, wato gajerun tsinkaye biyu da aka haɗa da siririyar igiyar roba. Mai tsawon santimita 40 shi ya dace da wannan aiki.
3. Tef na awo irin na tela, da almakashi.
4. Babbar allura marar kaifi, da kwarashi guda ɗaya.

Game da zare, a sani cewa yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi a masana'anta. Idan ana so a bambance, sai a yanki ɗan guntu a kai shi ga wutar ashana. Ulun gaske yana ƙaurin ƙonannen gashi, tokarsa kuma tana murƙushewa a yatsa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Na roba ya fi araha da sauƙin wanki, amma wanda ya sa shi a wuya kada ya sunkuya bisa wuta yana jin ɗumi, domin idan ya kama yakan narke ya manne wa fata.

Ido da yadda ake yin sa

Saƙar tsinke ba ta da ƙulli. Zarge ne ake zaro shi ta cikin wani zargen, shi ma a zaro wani ta cikinsa, haka har ƙarshe. Kowane zarge da ke kan tsinke za mu kira shi ido, kamar idon raga. Iri biyu ne kawai ake da su, kuma duk wani zanen saƙa da kuka taɓa gani a rigar sanyi daga waɗannan biyu ya fito.

Ɗora idanu: A yi zarge ɗaya a sa a tsinken hagu. A zura tsinken dama a cikinsa, a naɗa zare a bakin tsinken, a zaro sabon ido, a ɗora shi a tsinken hagu. Sun zama biyu. A ci gaba da haka daga ido na ƙarshe har a sami adadin da ake so.

Saƙar gaba: Zare yana bayan aiki. A zura tsinken dama cikin ido na farko daga gaba zuwa baya, a naɗa zare sau ɗaya, a zaro sabon ido zuwa gaba, sa'an nan a saki tsohon ya sauka daga tsinken hagu.

Saƙar baya: Zare yana gaban aiki. A zura tsinken dama cikin ido daga dama zuwa hagu ta gaba, a naɗa zare, a tura sabon ido zuwa baya, a saki tsohon.

Rufe saƙa: A saƙa ido biyu, a ɗaga na farko a ƙetarar da shi bisa na biyu ya sauka. A saƙa wani ɗaya, a sake ƙetarawa. Idan saura ɗaya, a yanke zare a zura shi ciki a ja.

Gwaji na farko: auna hannunka

Hannuwan mutane ba ɗaya ba ne. Idan aka ba ɗalibai biyu zare iri ɗaya da tsinke iri ɗaya, ɗaya zai matse zare, ɗaya zai sake shi, aikinsu kuma ba zai zo girma ɗaya ba. Saboda haka kafin a fara riga, sai a ɗora ido 24 a saƙa ɗan ƙyalle mai tsawon kimanin santimita 12, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya. A shimfiɗa shi a tebur ba tare da an ja shi ba, a aza tef a tsakiyarsa, a ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10.

Ga amfanin wannan lissafi. Kan babban mutum yakan kai santimita 55 zuwa 58 a kewaye, rigar wuya kuwa dole ta bi ta kai kafin ta isa wuya. Bari mu ce muna son kewayenta ya zama santimita 56. Idan hannunka yana ba da ido 18 a santimita 10, sai ka ninka 18 da 5.6, ka sami kusan 101. Za mu ɗauki 100 domin yana rabuwa gida huɗu, dalilin haka kuma zai bayyana nan gaba. To, a ce wani ɗalibi mai matse hannu ya ji an ce 100, shi ma ya ɗora 100 ba gwaji, alhali hannunsa yana ba da ido 22 a santimita 10. Rigarsa za ta fito kimanin santimita 45, sai dai a ba ƙaninsa na firamare. Wata kuma mai sakin hannu, mai ido 15 a santimita 10, tata za ta kusa santimita 67, ta faɗo ƙirji ta bar wuya a buɗe. Dukansu sun bi umarni, sun ɓata kwanaki, amma ba wanda ya sami abin da ya nema. Adadin da aka rubuta a littafi na hannun marubucin ne, kai sai ka nemo naka.

Hanya mai sauƙi ga sabon shiga

Wanda bai taɓa saƙa ba ya fara da miƙaƙƙun tsinkaye biyu. A ɗora ido 40, wanda zai ba da faɗin kimanin santimita 22. A yi saƙar gaba a kowane layi, a juya, a sake yin saƙar gaba. Wannan yana ba da ƙyalle mai kunya-kunya kamar gona, mai taushi, wanda bakinsa ba ya naɗewa. A riƙa ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi domin a tabbata suna nan 40, gama sabon shiga yakan ƙara ko ya rage bai sani ba. Idan tsawon ya kai santimita 56, a kewaya shi a kan mai rigar a gani, sa'an nan a rufe saƙa a ɗinke baki biyun da babbar allura. Riga ta samu.

Saƙa a zagaye

Wanda hannunsa ya faɗa sai ya gwada tsinke mai igiya, inda ake saƙa ba ɗinki. Ga matakan:

1. A ɗora ido 100, ko adadin da gwajinka ya ba ka, muddin yana rabuwa gida huɗu.
2. A ajiye aikin a tebur, a bi idanun ɗaya bayan ɗaya a tabbata gindinsu duka yana duban tsakiyar da'irar. Idan layin ya murɗe a kan igiya aka haɗa shi a haka, murɗewar za ta zauna cikin rigar, kuma bayan an yi nisa ba ta da magani sai warwarewa.
3. A sa ɗan zoben zare mai launi dabam a tsinken dama domin ya nuna farkon zagaye, sa'an nan a saƙa ido na farko da aka ɗora. Da'ira ta haɗu.
4. A yi biyu gaba, biyu baya, har zagaye ya cika. Wannan ne ya sa muke son adadi mai rabuwa huɗu. Irin wannan saƙa tana miƙewa ta koma kamar roba. A yi ta har santimita 4.
5. A yi saƙar gaba zalla har santimita 14. Da yake ba a juya aikin, fuskar waje za ta fito sumul. Saƙa mai sumul tana naɗe bakinta, shi ya sa ake tsare ta da mai roba sama da ƙasa.
6. A sake yin biyu gaba, biyu baya, santimita 4.
7. A rufe saƙa da sakin hannu. Bakin da aka rufe ba ya miƙewa kamar sauran jikin riga, don haka masu saƙa da yawa sukan ɗauki tsinke mafi kauri a hannun dama a wannan mataki.
8. A bar jelar zare kamar santimita 15, a sa a allura a ɓoye ta cikin saƙa ta ciki.

Idan zagaye 24 ne suke ba da santimita 10, rigar za ta ci zagaye kusan 53, wato ido fiye da 5,000. Adadin yana da ban tsoro a takarda, amma wanda yake yin zagaye shida ko bakwai kowace yamma zai gama cikin kwana takwas ko tara. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan ido ya kuɓuce daga tsinke, zai riƙa warwarewa ƙasa yana barin zaruruwa a kwance kamar matakan tsani. Kada a firgita. A kama shi da kwarashi, a zaro zaren da ke samansa ta cikinsa, a bi matakan ɗaya ɗaya har a dawo da shi kan tsinke. Wannan shi ne alherin saƙar tsinke. Da yake ba ƙulli, kusan kowane kuskure yana gyaruwa, zaren da aka warware kuma ana sake amfani da shi.

Wajen wanki, a yi amfani da ruwa marar zafi, kada a cuɗa da ƙarfi, kada a murɗe. Ulun gaske yakan cure ya ƙanƙance a ruwan zafi, ba ya kuma komawa. A shimfiɗa rigar a kwance ta bushe a inuwa, domin idan aka rataye ta nauyin ruwa zai ja ta. Kada a aza dutsen guga a kan zaren roba.

KASHI NA BIYU: LESHIN HANNU

Leshin da muka sani da wanda za mu koya

Leshin da ake ɗinka wa amare da iyayen biki aikin inji ne. Tun daga shekarun 1960 garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ya yi suna wajen sarrafa shi domin kasuwannin Nijeriya. Tatin kuwa da hannu ake ƙulla shi, ƙulli bayan ƙulli, ana yin 'yan zobba da sarƙoƙi waɗanda ake haɗawa su zama bakin hankici, ko kwalar rigar jariri, ko abin shimfiɗa a tsakiyar tebur, ko alamar shafin littafi.

Aikin ya bayyana a Turai a farkon ƙarni na 19. Ya tsiro ne daga wata tsohuwar al'ada ta matan fada, waɗanda sukan zauna suna ƙulla zare da ƙoshiya domin a yi wa tufafi da labule ado. Jamusawa suna kiransa aikin ƙaramin jirgin ruwa saboda siffar ƙoshiyar. Wata mata a Landan, Eléonore Riego de la Branchardière, ta fitar da littafinta na farko a kan tatin a 1850, littattafanta na shekarun 1860 kuma suka yaɗa dabarar yin sarƙa da zare na biyu. A 1886 Thérèse de Dillmont ta wallafa babban kundinta na aikin allura, wanda ya kai darussan tatin zuwa ƙasashe da yawa. Har Sarauniya Alisabatu ta Romaniya an san ta da wannan aiki, ita ce ma ta rubuta gabatarwar littafin da Katharin Hoare ta fitar a kansa a 1910.

Kayan aiki

Ƙoshiyar tatin ba ta fi santimita 6 ko 7 ba. Fallaye biyu ne masu tsini a baki biyu, da ɗan ginshiƙi a tsakiya inda ake naɗa zare. Kada a cika ta har zare ya ɓullo ta gefe, domin zai yi dauɗa ya kuma buɗe bakin ƙoshiyar. Inda ba a samu a kasuwa ba, ana iya yanka kwali mai ƙarfi ko fallen roba a siffar kifi, a tsaga baki biyu, a naɗa zare a kai domin koyo.

Zaren ya zama na auduga mai santsi, wanda aka murɗe sosai, irin wanda ake aikin kwarashi da shi. Ulu ba ya yi, domin yana da gashi yana kuma miƙewa. Zaren yana da lamba, kuma yawan lamba shi ne sirancin zare. Lamba 10 mai kauri ce, 20 da 40 matsakaita, 80 kuwa siririya ƙwarai. Mai koyo ya fara da lamba 10, mai haske, domin ya ga ƙullinsa. Sai ƙaramin kwarashi da almakashi. A wanke hannu kafin a fara, gama man shafawa na hunturu yana ɓata farin zare.

Tagwayen ƙulli

Ƙulli ɗaya ne tak a cikin tatin, mai rabi biyu, kowane rabi yana duban ɗan'uwansa. Za mu kira shi tagwaye. Irin ƙullin nan ne da ake yi idan an ninka igiya biyu an zarga ta a jikin sanda. Sai dai a nan sandar ita ma zare ce.

A kama bakin zare tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu. A kewaya zaren ta bayan sauran yatsu a dawo da shi wurin da aka kama, ya zama da'ira. A ɗaga yatsan tsakiya domin zare ya miƙe tsakaninsa da manuni. A wannan fili ne ake aiki. Ƙoshiya tana hannun dama.

Rabi na farko: A ɗora zaren ƙoshiya bisa bayan yatsun dama. A tura ƙoshiya ta ƙarƙashin zaren hagu, a dawo da ita ta samansa, ta bi cikin zargen da ya samu.

Rabi na biyu: A tura ƙoshiya ta saman zaren hagu, a dawo da ita ta ƙarƙashinsa.

Bayan kowane rabi akwai motsi ɗaya wanda shi ne dukan sirrin aikin. Da farko zaren ƙoshiya ne yake naɗe a kan zaren hagu. Dole ne abin ya juye. Sai a sassauta yatsan tsakiya na hagu, a ja ƙoshiya har zarenta ya miƙe sak. Nan take ƙullin zai ƙaura, zaren hagu ya zama shi ne yake naɗe a kan na ƙoshiya. A bar zaren ƙoshiya a miƙe, a ɗaga yatsan tsakiya a hankali, ƙullin zai zame ya zo ƙarƙashin babban yatsa. Hannun dama yana ja, na hagu yana saki. Mai koyo yakan ja duka biyu lokaci ɗaya, ƙulli kuwa ba zai juye ba.

Hanya mafi kyau ta ganin wannan ita ce a ɗauki igiyoyi biyu masu kauri, ja da fara, a ƙulla bakinsu tare. A riƙe ja a hagu, fara a dama. Idan ana yi daidai, dukan ƙullin da ake gani ja ne, farar tana ɓoye a cikinsu. Da zarar fari ya leƙo, an san ƙulli bai juye ba.

Gwaji na biyu: ja ka gani

Bayan kowane tagwaye, a riƙe ƙullin da yatsu a ja zaren ƙoshiya kaɗan. Idan ya zame da'irar hagu ta ragu, aiki ya yi. Idan ya cije, akwai rabin da bai juye ba, sai a kwance shi da bakin allura nan da nan, tun yana na ƙarshe. Dalilin shi ne, zobe yana rufuwa ne idan aka ja zaren ƙoshiya ya zame ta cikin dukan ƙullin. Rabi ɗaya da ya ƙi juyewa ya isa ya kulle zaren, zobe ya ƙi rufuwa. Wanda bai gwada ba sai da ya yi tagwaye 16, zai kwance su ɗaya ɗaya har ya iso wurin ɓarnar.

A nan ne tatin ya sha bamban da saƙar tsinke. Saƙa tana warwarewa da ja ɗaya, tatin kuwa ƙulli ne, yana riƙe abin da aka ba shi, daidai ko kuskure. Zoben da aka riga aka rufe yana da wuyar buɗewa, sau da yawa sai almakashi. Saboda haka kafin a rufe kowane zobe a tsaya a ƙirga. Wannan taurin kai na ƙulli shi ne kuma ƙarfinsa, domin leshin tatin ba ya zarewa ko da zare ɗaya ya tsinke, yana jure wanki shekara da shekaru.

Kunne, zobe da haɗi

Kunne ɗan madauki ne da ke leƙowa a gefen zobe. Ana yin sa ta barin tazarar kimanin milimita 5 tsakanin tagwaye da mai bi masa. Idan aka matso da su, zaren da aka bari sai ya tashi tsaye. Kunne yana ƙawata aiki, ta wurinsa kuma ake haɗa zobe da zobe. Domin kunnuwa su zo daidai, a yanka siririn kwali a riƙa auna tazarar da shi.

Ga aikin farko, bakin hankici:

1. A yi tagwaye 4, kunne, 4, kunne, 4, kunne, 4. Jimla tagwaye 16 da kunne 3.
2. A ƙirga, a riƙe ƙullin duka tsakanin yatsu, a ja zaren ƙoshiya a hankali har zobe ya rufe sarai.
3. A bar zare kimanin santimita 1, a sake kewaya hannu domin zobe na biyu.
4. A yi tagwaye 4. A maimakon kunne na farko, a sa kwarashi cikin kunne na ƙarshe na zoben baya, a zaro zaren hagu ta ciki, a zura ƙoshiya cikin madaukin, a daidaita. A gwada ja, a tabbata zare yana zamewa.
5. A ƙarasa da 4, kunne, 4, kunne, 4, a rufe.

A ci gaba da haka har tsawon ya isa, sa'an nan a ɗinka shi a bakin ƙyalle da siririyar allura ta zaren da aka bari tsakanin zobba. Hankici mai santimita 30 a kowane gefe yana da kewayen santimita 120. Idan kowane zobe ya ci santimita 1, ana bukatar zobe 120, wato tagwaye 1,920. Wanda ya kai ƙarshen wannan, hannunsa ya san aikin ko ido a rufe.

Bayan zobe sai sarƙa. Ana yin ta da zare biyu, na ƙoshiya da na dunƙule. Ana ɗora na dunƙulen bisa yatsun hagu a naɗe shi a ƙaramin yatsa, ba a yin da'ira. Ƙullin ɗaya ne, juyewar ɗaya ce, sai dai abin da yake fita layi ne mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ana kifa aikin tsakanin zobe da sarƙa domin su dubi ɓangare dabam dabam. Da waɗannan biyu ake gina kusan dukan zanen tatin.

Amfanin wannan ilimi

Rigar wuya ɗaya tana kare mai ita daga sanyi shekaru da dama, kuma kyauta ce da kaka ko jariri ko mai gadin dare zai ji daɗinta. Wanda yake so ya sayar kuwa, ya rubuta kuɗin zare, ya rubuta awoyin da ya yi, ya duba farashin kayan gwanjo da zai yi gasa da su, sa'an nan ya sa kuɗi. Masu aikin hannu da yawa sukan lissafa zare su manta da lokacinsu, su sayar a kan hasara suna murna. Tatin yana cin lokaci ƙwarai, don haka ƙananan abubuwa kamar alamar littafi da bakin rigar suna sun fi saurin fita. Akwai iyaye mata a cikinmu da suka koyi saƙa tun suna 'yan makaranta. Ɗalibi ya ɗauki zarensa ya je ya zauna kusa da su lokacin hutu, domin motsin da takarda take bayyanawa da layi biyar, hannu yana nuna shi cikin ƙiftawar ido.

Aikin gida

1. Hannun wata ɗaliba yana ba da ido 20 a santimita 10. Ido nawa za ta ɗora domin rigar wuya mai kewayen santimita 56? Adadin yana rabuwa gida huɗu?
2. Me ya sa ake fara rigar wuya da biyu gaba, biyu baya, a kuma ƙare da shi?
3. Ka bayyana abin da hannun hagu da na dama suke yi lokacin da ƙullin tatin yake juyewa.
4. Ka saƙa ƙyallen gwaji mai ido 24, ka auna shi, ka kwatanta da na abokan ajinka uku. Ka rubuta abin da ka gano.
5. Ka ƙulla zobe 10 a haɗe da juna, ka manna su a littafin aikin hannu, na farko a hagu, na goma a dama, domin malama ta ga yadda hannunka ya ci gaba.